Kuɗin Kwalba: Abin da Ke da Mai Shi Ba Ya Kwana a Bola

Duk wanda ya yi wayo a Gusau, Tsafe ko Bungudu kafin gorar roba ta cika gari ya san tambayar da mai kanti kan yi wa yaron da aka aiko sayen lemo: "Kai yaro, ka zo da kwalba?" In ya zo da ita, sai a yi musaya, ya miƙa wadda aka shanye ya karɓi cikakkiya. In bai zo da ita ba, ɗayan biyu ne: ko ya tsaya nan bakin kanti ya shanye ya ajiye, ko ya bar kuɗin kwalba, ranar da ya dawo da ita a ba shi abinsa. A garuruwa irin su Rawayya, inda a da lemo sai ranar suna ko biki ko saukar babban baƙo, da zarar taro ya watse sai a baza yara zaure da tsakar gida suna tattara kwalabe ana ƙirgawa. Kiret ɗin da aka ɗauko da 24 dole ya koma da 24. Wadda ta fashe kuwa, maigida ne zai biya.

A wancan zamani ba a kafa allo a bakin titi ana roƙon jama'a su kula da muhalli ba, amma da wuya ka tsinci lafiyayyar kwalbar lemo a kwata. Yau kuwa, zaga Sabon Gari ko Tudun Wada a Gusau bayan ruwan farko na damina, ka leƙa magudanar ruwa. Gora ce kan gora, ga ledar fiya wata, sun toshe bakin kwalbati, ruwa ya rasa hanya ya juya gidajen mutane. Garin shi ne dai, mutanen ma 'ya'ya da jikokin na da ne. To me ya sauya?

Amsar da aka fi ji ita ce mun lalace, tsafta ta bar mu. Ban yarda wannan ce amsar duka ba. Kwalbar jiya tana da mai ita, kuma da kuɗi rataye a wuyanta. Gorar yau da an shanye abin da ke ciki ta zama marainiya, ba mai nemanta, ba mai tambayar inda ta kwana. Tsarin da ƙasashe da dama ke alfahari da shi a yanzu, na ɗora kuɗin ajiya a kan kowane mazubin abin sha a mayar wa mutum in ya dawo da shi, tsohon kuɗin kwalbarmu ne aka mai da shi doka. Abin dubawa shi ne yadda ya kuɓuce mana, da yadda za a dawo da shi ya dace da gora.

Yadda mazubi ya rasa mai shi

Tun kafin zuwan lemo, Bahaushe yana da ƙa'ida a kan mazubi. Kwanon da maƙwabciya ta aiko da tuwo a ciki ba ya kwana biyu bai koma ba, kuma sau da yawa ba ya komawa wayam. Mai fura ta dama maka a ƙwaryarta, ka sha, ka miƙa mata ƙwarya da ludayi. In ƙwarya ta tsage, ga gyartai zai ɗinke ta. Kalmar gora ma da muke kiran robar lemo da ita aro ce daga goran duma, wanda makiyayi kan rataya shekara da shekaru, ranar da ya fashe kuma ƙasa ta cinye shi.

Kamfanonin lemo sun tarar da wannan ɗabi'a, suka gina kasuwarsu a kanta. An kafa Nigerian Bottling Company, mai yin Coca-Cola da Fanta, a 1951, Seven-Up Bottling Company kuma ya fara aiki a 1960. Ruwan lemon kawai suke sayarwa, kwalba da kiret mallakarsu ne. Dila ya ba da kuɗin ajiya ya ɗauki kaya, mai kanti ya ba dila, mai sha ya ba mai kanti. Motar da ta kawo lemo daga masana'antun Kano ko Kaduna ba ta komawa fanko, tana lodin kwalaben da aka shanye, a wanke su, a sake cikawa. Kwalba ɗaya takan yi wannan zuwa da dawowa sau da yawa kafin ta mutu. Ba don ƙaunar muhalli aka yi haka ba, don gilashi yana da tsada ne. Amma amfanin ya shafi kowa, gari ya zauna babu tarin kwalabe.

Daga farkon shekarun 2000 al'amari ya juya. La Casera ta shigo kasuwa a 2001 cikin gorar roba, nau'in da ake kira PET, sauran kamfanoni suka bi sahu. Zuwa tsakiyar shekarun 2010, da shigowar irin su Big Cola da Bigi da manyan goruna a farashi mai sauƙi, gora ta mamaye tasha da kasuwa da gidan biki. Kuma a faɗi gaskiya, ba banza ta karɓu ba. Ba ta da nauyi, ba ta fashewa, tana da murfi. Matafiyi a tashar Tsafe zai saya ta tagar mota ya wuce abinsa. Ƙaramin ɗan kasuwa ba sai ya binne jarinsa a kiret ba. Kamfani ya huta da jigilar kwalabe da wanki.

Sai dai wahalar da kamfani ya huta da ita ba ɓacewa ta yi ba, kan wasu ta koma. Ta koma kan mai gidan da ruwa ya ci masa katanga saboda magudana ta toshe. Ta koma kan uwar da ke jinyar zazzaɓin cizon sauro, domin ruwan da ya kwanta gidan sauro ne. Ta koma kan makiyayi, kuma mahauta shaidu ne kan dunƙulen leda da suke cirowa daga tumbin shanu da awaki. Ta koma kan manomin da ke kwasar takin bola zuwa gona, wanda a yanzu sai ya tsince roba kafin ya watsa. Abin da ruwa ya kwashe daga kwatocin Gusau kuwa Kogin Sakkwato yake faɗawa, ya bi ta Bungudu ya nufi madatsar Bakolori. Wanda aka tara aka cinna wa wuta, hayaƙinsa huhun yaran unguwa yake shiga. Duk waɗannan biya ne, sai dai ba wanda ya ci riba ne ke yin sa ba. Hausawa kuwa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Masu tsintar da muke da su

Kada a ɗauka ba a komai da gora a ƙasar nan. Akwai sana'o'i masu yawa da suka dogara da ita. Matan da ke yin zoɓo da kunun aya da lamurje a cikin gida su ne masu sayenta na farko. Sai masu man gyaɗa da manja da zuma, da masu maganin gargajiya, da masu sayar da fetur a bakin hanya. Bayan su sai 'yan bola jari da 'yan gwangwan, masu yawo da buhu ko kura, su tara su kai wa dillali ya auna a sikeli. Daga nan a niƙa ta ko a matse, a yi lodinta zuwa Kano ko Legas, inda ake mai da ita zare da audugar roba ta cusa filo, wani kason kuma a fitar da shi waje.

Dubi gwangwanin lemo na alminiyam. Da wuya ya wuni a ƙasa ba a ɗauke shi ba, saboda kilonsa yana da daraja: masu zubin tukwane suna nema, masana'antu suna nema, kuma narka tsohon alminiyam ba ya cin fiye da kimanin kashi 5 cikin 100 na makamashin da ake buƙata wajen yin sabo. Babu dokar da ta ce a tsince shi. Farashinsa ne ke tsince shi.

Gora ba ta yi wannan sa'a ba. Tana da cika wuri, ba ta da nauyi. Sai an tara 40 ko fiye kafin sikeli ya nuna kilo ɗaya, buhu ya cika fal amma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. In aka ce daga Rawayya za a ɗauko ta, kuɗin mota kaɗai ya cinye ribar kafin a isa Gusau, balle Kano. Ga shi farashinta yana bin na ɗanyen mai, domin daga man fetur ake yin sabuwar roba: in sabuwa ta yi araha, tsohuwa ta faɗi. Shi ya sa mai tsinta ke zaɓen masu kyau na kusa da gari, ya bar waɗanda suka motse da waɗanda suka faɗa kwata.

A nan ne kuɗin ajiya ke aikinsa. Yana ɗauke darajar gora daga sikeli ya mai da ita kan ƙirga, kuma ba ya hawa da sauka da kasuwa. A ƙaddara an ɗora naira 20 a kan kowace gora. Gorunan nan 40 da ke yin kilo ɗaya sun zama naira 800. Wanda ya sha zai yi tunani kafin ya jefar, in ma ya jefar, wani zai sunkuya ya ɗauka.

Yadda wasu ƙasashe suka mai da shi doka

Tsarin a taƙaice haka yake. Kamfanin da ya fitar da abin sha zai biya kuɗin ajiyar kowace gora ko gwangwani cikin asusu guda na ƙasa. Shi kuma ya karɓa daga dila, dila daga mai kanti, mai kanti daga mai sha. In mai sha ya dawo da mazubin, a ba shi kuɗinsa. Asusun ya mayar wa mai kanti abin da ya fitar, haɗe da ɗan ladan wahalar karɓa da ajiyewa. Kuɗin tafiyar da aikin kuwa daga kafa uku suke fitowa: ajiyar da masu ita ba su dawo sun karɓa ba, cinikin robar da alminiyam ɗin da aka tara, da wani kaso da kamfanoni ke biya.

Lardin British Columbia na Kanada ya fara wannan doka a 1970, jihar Oregon ta Amurka ta bi a 1971 da senti 5 a kan kowane mazubi, jihar Kudancin Ostireliya kuma a 1977. A 1972 wasu 'yan'uwa biyu a ƙasar Norwe, Petter da Tore Planke, suka ƙera na'urar da ke karɓar kwalba ta ba da takardar kuɗi, suka kafa kamfanin Tomra. Jamus ta wajabta ajiya a kan mazuban sha-ka-yar a 2003, a yau senti 25 ne a kan kowanne, kuma kusan 98 cikin 100 suna dawowa. Lituweniya ta fara a 2016 da senti 10: kafin nan kimanin kashi 34 na gorunanta ake tarawa, cikin shekara biyu aka kai kashi 92. Ayalan ta shiga sahu a watan Fabrairun 2024. Tarayyar Turai kuma ta ɗora wa ƙasashenta tara kashi 90 na gorunan abin sha nan da 2029.

Mutanen Lituweniya ba su sauya hali cikin wata 24 ba. Gorar ce ta sami farashi. Akwai kuma darasi a dabarar Norwe: gwamnati ta sa harajin muhalli a kan kowane mazubi, harajin yana raguwa gwargwadon yawan abin da aka dawo da shi, in an kai kashi 95 a yafe shi gaba ɗaya. Sai kamfanonin abin sha da 'yan kasuwa suka haɗu suka kafa kamfanin Infinitum, suna bin gorunansu da kansu, don kowace gorar da ta ɓata asararsu ce.

Wannan ya bambanta da alkawarin ganin dama. A 2018 kamfanin Coca-Cola na duniya ya yi shelar cewa nan da 2030 zai riƙa tara kwatankwacin duk mazubin da ya sayar. A ƙarshen 2024 ya sassauta burin zuwa kashi 70 zuwa 75 nan da 2035. Alkawarin da mutum ya ɗaukar wa kansa yana iya sassauta shi duk ranar da ya ga dama. Doka kuwa ba haka take ba.

Mu ma ba daga sifili za mu fara ba. An kafa hukumar NESREA mai kula da ƙa'idojin muhalli a 2007, kuma tana da tsarin da ke ɗora wa mai ƙera kaya alhakin sharar kayansa. A 2018 manyan kamfanonin abinci da abin sha suka kafa ƙungiyar Food and Beverage Recycling Alliance don tara roba. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar ƙasa kan sharar roba, wadda ta ambaci kuɗin ajiya a kan mazuban abin sha. A takarda akwai. A kantin Bungudu ne bai iso ba.

Duwatsun da ke kan hanya

Wanda ya ce abin zai zo da sauƙi bai san ƙasar ba. Akwai matsaloli na gaske, kuma gara a kalle su ido da ido.

Ta farko, talauci. Mutumin da ke ƙirga canjinsa kafin ya sayi ruwan sanyi, in aka ce ya ƙara naira 20, abin da zai fara faɗa shi ne an ƙaro haraji. Dole a bayyana masa da harshen da ya sani: wannan jingina ce, kuɗinka ne, suna nan suna jiranka. Amma bayani ba zai wadatar ba sai in mayarwar ta zama tabbas, a kusa, ba ja-in-ja. Adadin kuma sai an auna shi da kyau. In ya yi kaɗan ba mai waiwayarsa, in ya yi yawa ya danne mai ƙaramin ƙarfi. Sannan hauhawar farashi tana cinye shi a hankali. Oregon ta bar senti 5 ɗinta fiye da shekara 40, har yawan abin da ake dawowa da shi ya sauko ƙasa da kashi 70. Da ta ninka shi zuwa senti 10 a 2017, sai ya haura kashi 80. A ƙasar da hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin 100 a 2024, dokar da ta rubuta adadi ta kulle shi, ta kashe kanta tun ranar haihuwa. Sai a ɗaura shi da farashin abin shan, ko a riƙa duba shi duk shekara.

Ta biyu, iyaka. A ce Zamfara kaɗai ta kafa dokar. Daga Tsafe zuwa Yankara ta jihar Katsina tafiya ce 'yar kaɗan, daga nan sai Funtuwa. Cikin mako guda za a fara shigo da buhunan gorunan da ba a biya ajiyarsu ba ana karɓar kuɗi, asusu ya ƙafe. Jihar Mishigan ta Amurka, mai ba da senti 10 alhali maƙwabtanta Ohayo da Indiyana ba su da tsarin, ta daɗe tana fama da wannan har ta sa hukunci a kansa. Lemon da ake sha a Gusau daga wasu jihohi ake kawo shi, don haka ko dai dokar ta zama ta ƙasa baki ɗaya, ko a buga wata alama ta musamman a jikin gorar da aka biya wa ajiya.

Ta uku, na'ura. Hoton da ake nunawa na tsarin a Turai na'ura ce a bakin babban kanti. Mu kuwa cinikinmu a teburi da kes da kan tire yake, ga rashin wuta. Mutanen Zamfara ba su manta watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a jihar saboda matsalar tsaro. Duk tsarin da ba ya motsi sai da lantarki da intanet, a irin wannan rana tsayawa zai yi cak. Abin da ya dace da mu shi ne hannu da ƙirga da littafi, kamar yadda aka yi da kiret shekara da shekaru. Ƙarancin canji ma yana da magani: mai kanti zai iya cire kuɗin daga cinikin da ka yi, ko ya ba ka ashana ko sabulu ko katin waya. Motar da ta sauke lemo a Rawayya kuma, maimakon ta koma wayam, ta ɗauko buhunan gora zuwa Gusau, inda injin matsewa zai dunƙule su kafin doguwar tafiya. A hanyoyin da direba ke shiga da fargaba, ba hikima ba ce a ƙirƙiro sabuwar tafiya alhali ga wadda ake yi.

Ta huɗu, amana. Asusun da za a tara ajiyar miliyoyin mutane a ciki babban abu ne. In mai kanti ya biya jama'a daga aljihunsa ya yi wata uku yana jiran a mayar masa, ranar da ya gaji zai ce ba ya karɓa, daga nan kuma magana ta ƙare. Asusun ya kamata ya tsaya da ƙafarsa, kada a gauraya shi da baitulmalin gwamnati, kamfanoni da 'yan kasuwa su gudanar da shi ba don riba ba, hukuma ta sa ido, a riƙa buga lissafinsa kowa ya gani.

Ta biyar, mutanen da ke cin abinci da gora a yau. Mai zoɓon da ke sayen gora da araha za ta tarar ta yi tsada. Amma in aka tsara da kyau ba za ta yi asara ba: ita ma za ta karɓi kuɗin gora daga mai saye, ta mayar masa in ya dawo da ita, ranar da gorar ta tsufa kuma ta kai ta karɓi ajiyarta, muddin alamar tana jiki. Ribar da ta fi wannan ita ce lafiya, domin gorar da ta dawo daga hannun mai sha ta fi wadda aka tsamo daga bola ko kwata aminci. Su kuma 'yan bola jari, su ne ƙashin bayan aikin. Gaskiya ne ana kuka da ɓata-garin da ke fakewa da sana'ar suna sace-sace, har wasu wurare irin su Abuja da Borno suka sa mata takunkumi. Maganin wannan shi ne rajista da katin shaida da sanin shugabanninsu, a ba su safar hannu da takalmi, a mai da su wakilan karɓa. Wajibi ne kuma a yi hattara da yara. In gora ta yi kuɗi, almajirai da 'ya'yan waɗanda rikici ya raba da garuruwansu ne za su fara cika bola, cikin fasassun kwalabe da allurai. Tsarin da ya share titi ya fitar da yaro daga makaranta bai yi nasara ba.

Maganar fiya wata

Duk wanda ya leƙa kwata da idon basira ya san ledar fiya wata ta fi gora yawa nesa ba kusa ba. Tun shekarun 1990 ta zama ruwan shan talaka a birni, kuma ba za a ce a hana ta ba alhali famfo ba ya kawo ruwa. Ita kuwa ba ta ƙirguwa ɗaya-ɗaya, ba ta da nauyin da za a ɗora mata ajiya kamar gora.

Amma tana da wata kafa da lemo ba shi da ita. Masana'antunta na gida ne, an san masu su, suna da ƙungiyarsu ta ATWAP, motocinsu kuma kullum suna zaga unguwanni. Jaka ɗaya leda 20 ce. Ba abin da zai hana a ce duk mai shagon da ya tara ledojin da aka shanye ya cika buhu, a auna a rage masa kuɗin jakar gaba. Ledar tana narkuwa a yi buta da bokiti da baƙar leda da ita, masu saye suna nan. Gidan biki da makaranta da masallacin Juma'a, inda ake shan ɗaruruwa a zama ɗaya, nan ne tarawa ta fi sauƙi. Ga kuma misali a gabanmu: babbar gorar ruwan nan ta ofis da gidaje, ba a ba ka cikakkiya sai ka kawo wadda ta ƙare. Kuɗin kwalba bai mutu ba, yana nan da ransa a wannan lungu. Maganin leda na dindindin dai shi ne ruwa mai tsafta ya zo a famfo.

Daga ina za a fara?

Doka ta ƙasa aikin Abuja ne, kuma 'yan majalisar da ke wakiltar Gusau da Tsafe, da Bungudu da Maru, suna da bakin magana a can. Amma ba sai an naɗe hannu ana jira ba.

Na farko, a riƙe abin da ya rage. Lemon kwalbar gilashi yana nan a kasuwa, kuma mazubin da za a wanke a sake cikawa ya fi wanda za a niƙa a narka. Mai shirya walima ko ɗaurin aure da ya zaɓi kiret ya rage wa unguwarsu shara tun kafin a yi ta.

Na biyu, a gwada a wuraren da ke da katanga da ƙofa, inda matsalar iyaka ba ta taso ba: Jami'ar Tarayya ta Gusau, Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gusau, makarantun kwana, manyan tashoshin mota. Masu shaguna su haɗa kai, su sa ɗan kuɗi a kan gora, su ba da tikiti ko su buga hatimi, su ƙulla yarjejeniya da dillali ɗaya mai kwashewa. Zango ɗaya na karatu ya isa a ga abin da ya yi aiki da wanda bai yi ba, a sami alƙaluma na gida da za a kai gaban masu yin doka.

Na uku, gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi su ba da fili da rumfa don cibiyoyin tarawa, su taimaka da injin matsewa, su yi wa masu tsinta rajista. Kuɗin da ake kashewa duk shekara wajen yashe magudanu, wani kasonsa a nan ya fi amfani, domin rigakafi ya fi magani. Hakimai da masu unguwanni su ne suka san wanda za a ba amanar cibiya a kowane gari. Malamai kuma sun daɗe suna karantar da mu cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce, kuma mayar da amana wajibi ne. Tsarin nan ya haɗa biyun.

Abin da nake so mu riƙe shi ne, wannan ba baƙon abu ba ne da za a koya mana daga Jamus. Iyayenmu sun yi shi da kiret da littafin bashi, ba wuta ba kwamfuta, kuma ya yi aiki, don kowa a cikin jerin, daga kamfani har yaron aike, yana da abin da zai rasa in kwalba ta ɓata. Da aka cire wannan igiya, gari ya cika da abin da ba na kowa ba. Yaron da ke wasa yau a bakin kwalbatin da ya toshe a Rawayya bai taɓa jin an tambaye shi kwalba ba, kuma ba laifinsa ba ne. Haƙƙinsa ne a kanmu mu dawo da tambayar, ya miƙa kuɗin lemo mai kanti ya dube shi ya ce: "Ɗana, ka zo da gora?"